Ƙahon da Na Sa Aka Yi wa Yaya Sumaila

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sumaila, mai sayar da albasa a Kasuwar Malam Atta. A unguwarmu Nima ana cewa ajali ne, kuma gaskiya ne. Sai dai kowace mutuwa da sanadinta, kuma ina da hannu a nasa.

Ciwon kai ya fara damunsa a ƙeya. A asibiti suka ɗaura masa abin awo a dantse, suka ce hawan jini ne, suka ba shi ƙwayoyi, suka hana shi gishiri. Ni kuwa na ce tunda jini ne ya yi yawa, a rage shi mana. Na kai shi wurin wani wanzami a unguwar Maamobi, aka kafa masa ƙaho a bayan wuya. Da baƙin jini ya fito na ce, "Yaya, ga ciwon nan a ƙasa. Ƙwaya kuma ta mene?" Ya yi dariya ya ce, "To, likita." Daga ranar ya daina shan ƙwayoyin.

Bayan damina ya faɗi a rumfarsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Wata nas ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Zuciya turo jini take yi ba hutu, jijiyoyi kuma su buɗe, su tsuke, gwargwadon bukatar jiki. Nasa sun tsuke sun ƙi saki, zuciya na turawa da ƙarfi, har wata siririya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ne ke sassauta su. Ƙaho ba ya kaiwa can. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yau har a kemis ana awon jini. Da yana nan, na san zai tsokane ni, ganin ni ma ina haɗiyar irin ƙwayoyinsa kowace safiya. Ko zai yafe mini? Wannan ne ya hana ni sakewa.

Rumfar ta koma hannun wani, 'ya'yan Yaya sun watsu. Bara na kasa daurewa, na je na gaya wa matarsa Adiza komai. Ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ɗago.

"Na sani tuntuni, Isa," ta ce. "Tun bakinsa bai gama rufewa ba ya roƙe ni kada in taɓa tayar maka da maganar."

Abin da ya rage mini na Yaya ke nan. Yana kwance rabinsa ba ya motsi, ni yake rufa wa asiri. Allah Ya rufa masa nasa.