Baba Ɗantsoho, Wanda Ya Binne Kifin Tafkinmu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 7 ga Mayu, 2024, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Ɗantsoho, Sarkin Ruwan ƙauyenmu da ke kusa da Dutsi. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya.

Baba, ni ce Shatu mai suyar kifi. Shekarar da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu, kai ka aiko mini da ƙwaryar karfasa, ka ce in gwada suya. Da wannan sana'ar na raine su.

A kan idonka tafkinmu ya riƙa janyewa. Damina ta gajarta, zafi ya ƙaru, har inda kake tuƙa kwalekwale a da ya koma makiyayar awaki. Ɗan ruwan da ya rage kuma, a ciki masu noman rani ke wanke tankunansu na feshin maganin ƙwari. Ka bi su gona-gona kana roƙo. Ka haƙa musu rami nesa da tafki don su riƙa wanki a can. Kaɗan ne suka ji.

Bana, wata safiya, muka tarar da kifi ya taso saman ruwa, ciki a sama, har tarwaɗa mai jure taɓo. Mutane suka fito da buhuna suna cewa ai mushen kifi halal ne. Ni ma na zo da robata. Ka tare ni.

Ka ce, "Shatu, wa za ki sayar wa wannan? Guba ce ta kashe shi."

Na ce, "Baba, ko tiyar gero babu a gidana."

Ka ce, "Je ki wurin Larai ta auna miki. Amma wannan ba zai shiga kasko ba."

Na juya cikin fushi, ko sallama ban yi maka ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Geron kuwa na je wurin matarka na karɓa. Ka yafe mini, Baba.

Kwana uku ka yi kana tsamo kifin kana binnewa, cikin ranar da ko tsuntsu ba ya tashi, don kada wani ya kai shi kasuwa. A rana ta uku aka same ka kife a bakin ramin da kake binne kifin, shebur na hannunka. Likita ya ce zafi ne. Babu wanda ya ci wannan kifin a garinmu.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Ɗantsoho, Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Larai, da 'ya'yansa Sagir da Maliki, waɗanda suka bar kamun kifi tuntuni suka tafi ci-rani, da masunta shida da suka rage mana. Ranar addu'ar bakwai mai gari ya tambayi masuntan wa zai gaji sarautar ruwa. Duk suka sunkuyar da kai. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya dube mu da rahama. Amin.