Hankakan Kaka Tabawa da Hoton da Ya Hana Shuka

A ƙauyenmu, arewa da Mayahi, lokacin sanyi shi ne lokacin tatsuniya. In an ci tuwo an yi isha'i, Kaka Tabawa, uwar mahaifinmu, takan hura wutar karan gero a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya cusa gwiwoyi cikin riga. Tana da na dariya barkatai, amma akwai guda ɗaya da in za ta ba da ita fuskarta takan ɗaure. Ba ta ko jiran mu amsa mata. Sai ta tsokani wutar ta ce, "Ku rufe baki, wagga ba ta wasa ba ce."

Wai dabbobin wani gari ne suka naɗa Hankaka mai gadi, tunda shi ke iya hawa ƙololuwar gawo. Wata safiya ya hango wani baƙin abu can nesa yana tahowa, jiki ɗaya, ƙafafu takwas. Ya buɗe maƙogwaro: "Dodo! Dodo ya iso!" Gari ya watse. Aka bar rijiya, aka bar rumbuna, aka nausa daji cikin rana, har ƙishirwa ta kashe ƴaƴan awaki a hanya. Ashe jakuna biyu ne na wani mai gishiri, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, nisa ya haɗe su. Da aka tsare Hankaka, sai ya ce shi abin da ya gani ya faɗa.

Nan Kaka takan buga kara a ƙasa. "Ƙarya yake! Bai gani ba. Da ya ce na hango abu amma ban san ko mi ne ne ba, wa za ya mutu?" Mu kuwa jaki mai ƙafa takwas ne ke ba mu dariya. Ta kan harare mu ta kore mu kwana.

Kaka ta rasu ina lise, babbar sakandare, a Maradi. Yanzu ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wani kwalej a Tessaoua, kuma ina da wata jarabar da abokaina ke yi mini tsiya a kai: ɗaukar hoton taurari. Madubin hangen nesan nawa ƙarami ne, na hannu na saya. In hutu ya zo nakan ɗaura shi a bayan moto, wato babur, in tafi gida, don can babu fitilar da ke dushe sama.

Sanyin bara na sa ran kama wani ɗan haske da ke ƙasa da taurarin nan uku masu jeri. Da ido kamar tabon toka yake. Amma in ka bar kyamara a buɗe, ka ɗauka sau da yawa, ka haɗa hotunan, sai ya fito gajimare ja mai faɗi, wurin da sababbin taurari ke kunnuwa. A tsakiyarsa akwai taurari huɗu dab da juna. Kayana ba su iya raba su ba, suka narke suka zama farin ɗigo ɗaya. Duk da haka na ji daɗi. Na tura wa ƴan uwa a portabul, wato wayar hannu, ba tare da na ce komai ba.

Ana gab da damina hoton ya dawo mini, da muryar wani mutum da ban sani ba a manne. Cikin natsuwa, kamar mai wa'azi, yake cewa masana sun ga ido ya buɗe a sama, jini kewaye da shi, alamar bana ruwa zai yi yaudara, wanda duk ya yi shukar farko ya zubar da irinsa. Na saurara har ƙarshe. Hotona ne, har ɗan karcen da ke gefen gilashina yana ciki.

Na kira Sani, ɗan baffana mai kabu-kabu a Gidan Amumune, don ta hannunsa ya shiga ƙauye.

"Wa ya yi maganar nan?"

"Wallahi Yaya ban sani ba. Turo mini aka yi, na tura."

"Ba ka gane hotona ba?"

"Na gane. Shi ya sa ma na yarda. Na ce ai kai ka ɗauka."

Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Ruwan farko ya sauka da kyau, ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu. Maƙwabta suka fita da sungumi. Baffa Idi, ƙanen mahaifina, da wasu magidanta suka ƙi taɓa iri. Na hau moto na same shi a zaure. Na ce masa ba ido ba ne, taurari huɗu ne madubina ya kasa rabawa, jan kuma launin iska ne mai zafi, yana nan tun kafin a haifi kakanninmu.

"To nuna mini da idona," in ji shi.

Ban iya ba. A wannan lokaci na shekara taurarin suna fitowa ne tare da rana. Na tsaya da bayani a baki kamar maƙaryaci, shi kuwa mai ƙaryar muryarsa na cikin aljihun kowa.

"Ɗana," ya ce, "in kai ne da gaskiya, na yi asarar kwanaki. In shi ne, na yi asarar iri, kuma ba ni da wani."

Irinsa ke nan a ƙwarya guda, sai na tashi na fita. Sai da geron maƙwabta ya kai idon sawu Baffa ya yi shuka. Ruwa ya ɗauke da wuri, nasa bai gama cika ido ba. Da kaka, rumbunsa ko rabi bai kai ba, kuma ƴaƴansa biyu suka tafi cin rani tun ba a gama ɗaurin dami ba.

Ina yaro na ɗauka wautar Hankaka ce labarin. Yanzu na san abin da ke sa Kaka buga kara: wanda ya yi ihun yana bisa itace, ba shi ke gudu cikin rana ba. Shi Hankakan Kaka an tsare shi an tambaye shi. Namu kuwa ba shi da ko suna, kuma na tabbata ya ci tuwonsa ya ƙoshi.

Ran da na kai wa Baffa buhun gero, ya daɗe yana kallon buhun bai taɓa ba. Can ya ce, "Mai maganar nan, ka taɓa ganinsa?"

Na ce a'a.

Ya girgiza kai. "Ni kuwa kai na goya, amma maganarsa na bi."