Mak Semek Da Gidajen Da Ba Su Da Takarda

Duk wanda ya taɓa kwana a Pengkalan Rhu ya san ƙarar tsintsiyar Mak Semek. Da an idar da sallar asuba, kafin masunta su gama tura jiragensu cikin ruwa, za ka hango ta tafe ta ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, mabuɗi ƙulle a bakin mayafi, ƙunshin shinkafa da kifi a hannu, tana tafiyar nan ta wadda gwiwa ta fara yi wa gardama. Ta buɗe ɗan gidan tarihinmu, ta wage tagogi, sannan ta shiga faɗan da ta shekara ashirin da bakwai tana yi da yashi. Ta share da safe, iska ta dawo mata da shi kafin azahar, ta sake sharewa tana mita. Har yau ba a san wanda ya yi nasara a tsakaninsu ba.

A takarda dai mai shara ce, kuma ita ma haka take faɗa. Sai dai kayan da ke ɗakin nan ba ta kiransu da sunan da aka liƙa musu. Inda aka rubuta "tarun kamun kifi", ita a wurinta tarun Pak Ngah ne, wanda ya yage ranar da aka haifa masa 'ya ta uku. Ƙatuwar tukunyar nan ta dafa keropok, abincinmu na niƙaƙƙen kifi da gari, kuwa ta Mak Lijah ce, wadda ba ta taɓa ba kowa aronta ba sai da ta mutu. Baƙo zai shigo don ya fake wa rana na minti biyar, sai ya fita bayan awa guda, ya san wa ya auri wa, wa ya yi gaba da wa, a garin da yanzu babu shi.

Tsohon garinmu yana ƙarƙashin teku. Kowace damina iska ta taso, ruwa ya gutsuri gaɓa ya tafi da ita, wata shekara taku biyar, wata shekara ashirin. Iyayenmu ba su yi ta kuka ba, gidajensu na katako ne a kan ƙafafu. In ruwa ya matso, sai a zura dogayen gora ta ƙarƙashi, maza arba'in su sa kafaɗa, a yi salati a ɗaga gida ɗungurungum a kai shi baya, mata na biye da kunun wake da madarar kwakwa. Haka aka yi ta ja da baya har bayan ya ƙare. Shekara arba'in ke nan da aka kwaso mutanenmu zuwa nan kan tudu, cikin gidajen bulo iri ɗaya a jere kamar haƙoran mataji. Mu da aka haifa a nan, tsohon garin a bakin tsofaffi kawai muka san shi, kuma tsofaffin suna ta tafiya.

A bana, shekarar da Mak Semek za ta ajiye aiki, aka ce za a yi babban nuni a kan rayuwar tsohon gari. Aka turo Puan Hasnita daga birni, mace mai ilimi da ladabi, ba ta da aibu sai sauri. Ta zo da wani faffaɗan tebur da aka ƙera garin a kai: ga gaɓa, ga masallaci, ga 'yan gidaje kamar kwalin ashana, gida talatin da takwas. Kowa ya ce ma sha Allah. Mak Semek ta jingine tsintsiya, ta zagaya teburin sau biyu.

"Puan," in ji ta, "sauran gidajen a wata motar suke?"

"Waɗanne saura, Mak Cik?" in ji Puan Hasnita, da kiran da muke girmama dattijuwa da shi. "Duk abin da ke taswirar ofishin filaye yana nan. Ban tsallake ko ɗaya ba."

"To, ai shi ke nan. Waɗannan masu jirage ne da masu kanti. Su wa ke ja musu tarun? Aljanu?"

Gaskiyarta ce. Masu takardar fili kaɗai taswira ta sani. 'Yan tuƙi da masu jan taru da zawarawan da ke shanya kifi, a kan yashin gaɓa suka kafa gidajensu, inda ba na kowa ba ne, babu wanda ya taɓa rubuta su. Su ne suka fi yawa, kuma jikokinsu ne za su cika ɗakin ranar buɗewa. Za su zo su duƙa a kan tebur suna neman gidan kaka, su tarar da farin yashi. Daga ranar kuwa magana ta ƙare, don abin da aka sa a gidan tarihi shi yara za su haddace.

Puan Hasnita ta ji abin a ranta, amma ta ce ba za ta ɗora gida a kan ji-ta-ji-ta ba. Ta ma gwada. Ta tara tsofaffi ta tambaye su, taron ya kusa tashi da dambe, don kowane gida an ɗaga shi sau biyu ko uku, kowa kuma da wurin da yake tunawa. Pak Deraman, tsohon mai sassaƙa jirage, wanda suka shafe shekara hamsin suna tsokanar juna da Mak Semek, ya rantse gidansu na dab da masallaci.

"Kai da masallaci?" in ji Mak Semek. "Da kusa kuke da an gan ka a sahu ko sau ɗaya."

"Ji tsohuwar nan! Ke fa, da tsintsiya za ki auna mana filin?"

"A'a. Da ƙafa. Puan, jibi wata zai cika, ruwa zai janye sosai da hantsi. Ki zo da takalmin da ba kya so."

Waɗanda suka bi su ranar sun ba da labari. Ruwa ya ja baya kamar ba zai dawo ba, ya bar laka da guntayen kututturan kwakwa. Mak Semek ta tattare zani, ta shiga gaba da gwiwar tata, Puan Hasnita na biye da littafi tana zamewa. Can sai ga wani zoben siminti ya leƙo daga cikin laka, duk ƙwanso ya lulluɓe shi. Bakin rijiya ne.

"Gida yana tashi," in ji Mak Semek, "amma ban taɓa ganin an ɗauki rijiya a kafaɗa ba. Wannan ta Mak Teh ce. Gida tara ke sha a nan. Rubuta."

Ta shiga jero su, mai gida da matarsa da 'ya'yansa, da inda ƙofa ke kallo, da wanda ke da kaji, da wanda matakalarsa ta karye aka bar ta haka har aka tashi. Suka wuce ta biyu, suka wuce ta uku. Rijiya bakwai suka samu kafin ruwa ya fara dawowa ya kore su. A ta biyar ce Pak Deraman, wanda ya zo don ya ƙaryata ta, ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon wata tsaga a bakin simintin, sannan ya ce a hankali shi ya yi ta da gatarin babansa, kuma ya sha duka a kanta. Har aka fito yana ta goge ido yana zagin iska.

Gida sittin da huɗu aka rubuta ranar. Puan Hasnita ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar iyalai, ba ta sami kuskure ko ɗaya ba. Saura kwana tara a buɗe nuni, masu ƙera teburin kuma suka ce ƙara gidajen ba zai yiwu ba. Mak Semek ba ta ga ta zama ba. Ta je ta tsaya a kan Pak Deraman har sai da ya fito da kayan sassaƙarsa, ya tara abokansa uku da hannunsu bai fara rawa ba, suka farke wani mataccen jirgi suka zauna a inuwa suna fere gidaje. Ita kuma ta gama shara ta zo ta zauna tana kushe musu aiki.

Ke ce, Mak Semek, wadda ba ta taɓa zama a kujerar taro ba sai dai ta goge ta. Ke ce kika tsaya wa mutanen da ko a raye ba a cika tsaya musu ba. Rumbun sunaye, mai riƙon amanar matattu. Da kin yi shiru babu wanda zai zarge ki, ai ba aikinki ba ne.

Ranar buɗewa ba a jera sababbin gidajen ba. Puan Hasnita ce ta kawo shawarar, Allah ya saka mata: a bar kowane iyali su ɗauki nasu su kai. Mak Semek ta tsaya a bakin tebur tana kiran suna, iyali su taso, jikoki da tattaɓa-kunne, su tallabi ɗan gidan da bai kai tafin hannu ba, ita kuma ta nuna musu wurinsa da yatsa. Wani tsoho ya ɗaga murya da salatin da ake yi in za a ɗaga gida, ɗaki ya amsa gaba ɗaya. An fara da dariya, amma kafin a kai gida na ashirin mayafai sun jiƙe. A hankali farin yashin nan ya cika, gari ya koma gari.

Da aka ajiye na ƙarshe, Puan Hasnita ta duba littafinta, ta sake dubawa.

"Mak Cik, naku fa? Ban ga gidanku ba."

Tsofaffin suka sunkuyar da kai. Mu yaran tudu ba mu sani ba, sai ranar.

"Ba mu da shi," in ji Mak Semek. "Ina shekara shida babana ya fita teku bai dawo ba. Shekara ta zagayo innata ta bi shi, ruwa ya ci gidan babu mai ɗagawa. Daga nan duk gidan da mazansu suka dawo da kifi, nan nake kwana. Nan mako, can wata. Kin yi ta mamakin yadda na san inda ƙofar kowa ke kallo. Ai duk na shiga."

Pak Deraman ya zabura ya ce yanzun nan zai sassaƙa mata nata, mafi kyau, har da baranda.

"Kul," in ji ta. "Na hana a rage gaskiya a teburin nan, kai kuma za ka ƙara masa ƙarya? Zauna."

Ya zauna. Sai wata dattijuwa, 'yar Mak Teh, ta matso ta ce wa Puan Hasnita a jerin mutanen gidansu da aka rubuta a 'yar takardar gaban gidan an manta da mutum ɗaya, don tabarma guda suka yi ta kwana da Semek damina biyu. Na bayanta ma ya ce haka, na bayansa ma. Puan Hasnita ta yi ta rubutu har hannunta ya gaji. Mak Semek kuwa, mai amsa a kan kowace magana, ranar sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ƙarshen watan nan za ta miƙa mabuɗi. Mun gode, Mak Semek, Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ku kuma da ke da tsoho a gida, ku zauna kusa da shi tun yana iya magana, ku tambaye shi su wa suka riƙe shi, ku rubuta. In kuma hanya ta biyo da ku Pengkalan Rhu, ku shiga ku duƙa ku karanta 'yan takardun da ke gaban gidajen gaɓa. Yarinyar da ba ta da gida ko ɗaya a garin, yau sunanta yana ƙofar gida sittin da huɗu.