Mutumin Ƙarshen Lungu

Umma ta yi aikin guga a ɗakin wankin wani asibiti har ƙarfinta ya fara ja da baya. Zanen gado, rigunan likitoci, labulen ɗakin haihuwa, duk sun bi ta ƙarƙashin dutsen gugarta. Aikin ya bar mata tabon ƙuna a wuyan hannu, ya kuma bar mata kaifin ido. Daga bakin ƙofa take hango tabon da injin wanki ya kasa fitarwa, har abokan aikinta suna tsokanarta wai ko a cikin madara sai ta gano datti.

Mijinta ya rasu tun yaran suna ƙanana, ya bar ta da biyu: namiji babba, sai ƙanwarsa da kowa ke kira Auta, ita kuma tana kiransa Yaya. Babban ba shi da hayaniya, amma gem, wasan na'ura da ake yi a talabijin, ya shiga ransa tun yana firamare. Ya girma, ya fara aiki, bai rabu da tsohuwar na'urarsa ba, da tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya da ke kusurwar falo. Ciwo na ɗan lokaci ya ɗauke shi, a asibitin da uwarsa ke aiki. Umma ba ta taɓa faɗa ko ita ta goge zanen da aka cire daga gadonsa ba, Auta kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Umma ta sa Auta ta koya mata abu biyu kawai: yadda ake kunna na'urar, da maɓallin da ake dannawa a koma inda Yaya ya tsaya. Wasan na wani mutum ne mai fitila a cikin tsohon gida. Inda Yaya ya ajiye shi, mutumin yana tsaye a bakin wani dogon lungu, ya juya baya, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka kamar mai numfashi. Fitilarsa na haska ƙasa kaɗan a gabansa, daga nan sai baƙi ƙirin.

Kullum da yamma Umma takan kunna, ta zauna da kwandon kayan da za ta ninke, tana yi masa hira. Wance ta haihu, mai gidan haya ya sake fenti, gwiwarta ta dame ta jiya. Ba ta taɓa matsar da shi ko taku ɗaya ba. A duk yinin, wannan lokacin ne kaɗai Auta ke jin dariyarta.

Haka aka yi shekaru, har Auta ta gama jami'a ta dawo gida tana jiran aiki. Wata rana hoton talabijin ɗin ya tsuke ya zama farin layi, layin ya zama ɗigo, ɗigon ya mutu. Mai gyara na bakin titi ya buɗe bayan talabijin ɗin ya hura ƙura.

“Umma, wannan ai ta girmi aurena,” in ji shi. “A bar ta ta huta, ta yi bauta.”

“Kai ma ka girmi wandon da ke jikinka, ga ka nan kana aiki.”

Ya yi dariya, amma ya ce kayan gyaranta sun ƙare a kasuwa tuntuni. Kawu, ƙanin Umma, da ya ji labari, ya aiko da wata siririyar talabijin ta mannawa a bango wadda yaransa suka daina kallo. Auta ta samo wayar da za ta haɗa tsohuwar na'ura da sabuwar talabijin, ta kunna, ta koma gefe tana jiran a yaba mata.

Lungun ya fito, amma duk inda yake baƙi a da ya koma ruwan toka, kamar baƙin yadi da ya sha wanki. Ana ganin tsagar bango, ana ganin wata ƙofa da ba su san da ita ba. Umma ta ajiye rigar da ke hannunta.

“Auta, wane ne wancan?”

“Ina?”

“Can ƙarshe. Kusa da ƙofa.”

Sai da Auta ta matso sannan ta gan shi. Dogo ne, kansa ya kusa taɓa rufi, hannayensa a sake. Inda fuska ya kamata ta kasance, shafe yake sumul. Ba ya numfashi kamar mai fitilar. Yana tsaye kawai, yana fuskantarsa.

Auta ta ja da baya. Ta zauna da wayarta tana bincike har shayin da ta haɗa ya huce, sannan ta yi wa Umma bayani a hankali. Tsofaffin wasannin nan, don tsofaffin talabijin aka yi su, masu haɗiye duk abin da ya yi duhu. Masu yin wasan sun san haka, shi ya sa sukan bar tarkacensu a cikin duhu, tunda ba mai gani. Sababbin kuwa da haske mai yawa suke fitowa daga kamfani, don su ɗauki ido a kanti. Akwai kuma wani saiti da ake kira gamma, shi ke yanke iya baƙin da baƙi zai yi. In bai dace da wasan ba, sai abin da aka ɓoye ya fito fili.

“Ba wani abu ba ne, Umma. Mutum-mutumi ne da suka manta ba su cire ba.”

“Tun yaushe yake nan?”

“Tun da aka yi wasan.”

“Ke nan duk hirar da nake yi, yana ji.”

Auta ta ɗauki rimot ta fara rage haske. Tsagar bango ta ɓace, ƙofar ta ɓace, dogon ya nitse cikin baƙi daga ƙafa zuwa kai. Lungun ya koma yadda suka san shi.

“Ga shi nan, ya tafi.”

“Ina ya tafi?”

Auta ta dubi rimot ɗin da ke hannunta.

“Ke da karatunki,” in ji Umma, ba da faɗa ba. “Idona kika rufe, ba shi kika kora ba. Mayar min da hasken.”

Auta ta mayar. Ta ce to bari ta juya mai fitilar ta fitar da shi daga lungun, a ajiye shi a wani ɗaki mai haske. Umma ta dafe hannun gem ɗin, abin da ake sarrafa mutumin da shi, a kan cinyarta.

“Nan yayanki ya tsayar da shi. Ya san abin da ya gani.”

Auta ta buɗe baki za ta ce ba yadda za a yi ya gani a waccan talabijin, sai ta tuna. Yaya ba ya barin wasa bai kai ƙarshensa ba, ko da zai kwana a kai. Amma wannan, tun kafin ya kwanta ciwo, ta sha shigowa falo ta same shi zaune a gaban lungun nan, hannun gem a ƙasa, yana kallon baƙin. Ta taɓa ce masa ko ya ji tsoro ne, jarumin gida. Bai rama tsokanar ba.

Tun daga ranar Umma ta daina kawo kwandon ninki. Ta daina ba da labarin wance da wane. Takan ƙure hasken har hoton ya yi fari fat, ta jawo kujera daf da bango, ta zauna a miƙe kamar mai gadin ƙofa. Ba mai fitilar take kallo ba. In Auta ta ce ta zo ta ci abinci, sai ta ce a rufe mata, ba za ta bar yaron nan shi kaɗai da wancan ba.

Kawu ya zo ya ce a cire wayar kowa ya huta. Umma ta dube shi, ta ce in an cire, wa zai riƙa duba shi? Kawu ya shanye ruwansa ya tafi.

Wata safiya Auta na goge ƙurar talabijin ɗin, tsumma ya maƙale a wani abu. Ɗan guntun salatif ne manne a gilashin, an yanke shi daidai, an shafe shi ba ko kumfa. A ƙasansa kaɗan akwai wani, a ƙasan wannan ma akwai wani. Ta kunna na'urar. Ƙafar dogon ta sauka daidai kan na ƙasan, wanda ya fi kusa da mai fitilar.

“Umma, waɗannan fa?”

Umma na bakin ƙofar kicin tana tsane hannu.

“Alama nake sawa inda ƙafarsa take.”

“To me ya sa suka yi yawa?”

“Wataƙila na farkon ban manna daidai ba,” in ji Umma. “Kar ki cire min su. Matsa gefe, kin tare min shi.”