Jarumai Uku, Hannu Ɗaya

Ni mutum ne mai zargi tun ina yaro. Idan aka gaishe ni da fara'a fiye da kima sai in fara tunanin abin da ake nema a wurina. Mahaifiyata takan ce ko inuwata ban yarda da ita ba. Na faɗi wannan tun farko don a san irin idon da na kalli abin da ya faru a shekarar farin nan, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, ban yi aure ba, kuma babu abin da ke cin yammacina sai wani wasa na intanet.

Wasan tsoho ne, mun tarar ana yinsa. Kowa yana da jaruminsa da yake tafiyarwa da hannu a kan na'ura, ya shiga wata duniya mai garuruwa da kasuwa da daji, ya haɗu da jaruman mutanen wasu ƙasashe, a yi fira, a yi ciniki, a fita farautar dodanni tare. Mu 'yan Damagaram muka kafa rundunarmu, mu goma sha huɗu, har da gidanmu a cikin wasan. Siber biyu muke shiga, wato shagunan da ake hayar na'ura mai intanet: ɗaya a Zango kusa da gidanmu, ɗaya a Sabon Gari. Don haka kana iya yin mako kana yaƙi kafaɗa da kafaɗa da mutum ba ka ga fuskarsa ba.

Ni ne shugaban rundunar, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don na fi kowa faransanci da baki. Sauran yawanci 'yan ƙauye ne da suka zo birni neman na kansu. Akwai wani tela ɗan Gidimuni, akwai mai kabu-kabu, akwai mai gyaran salula, wato wayar hannu. Sai kuma mai tsaron siber ɗin Sabon Gari, mutumin Hamdara, wanda ya girme ni da 'yan shekaru, yana da mata da 'ya'ya biyu a ƙauye. Shi ne aminina a cikinsu. Ba shi da yawan magana, ni kuma ba na gajiya da ita, shi ya sa muka daidaita. Ina tsokanarsu da ƙauyanci kullum. In ce wa tela, kai da ka saba korar biri daga gona, dodo zai ba ka wuya? A yi dariya. Ban taɓa tsayawa na duba ko dariyar ta kai ciki ba.

Tun kafin farin, wasan ya fara mutuwa. Da, idan ka shiga kasuwar babban garin, jarumai sun cika ta har na'ura ta riƙa sarƙewa. Sannu a hankali Turawa suka koma wasu sababbin wasanni waɗanda na'urorinmu ba sa iya ɗauka. Sai ka ratsa kasuwar daga ƙofa zuwa ƙofa ba ka gamu da kowa ba sai 'yan tsiraru suna tsaye kamar masu jiran mota. Masu wasan suka sanar cewa duk rundunar da mutanenta suka daina shiga za a rushe gidanta. Ni kuwa ban yarda raguwa ce kawai ba. Na ce da gangan suke kashe shi don a tilasta mana sayen sabo. Kuma a daidai lokacin aka fara jin labarin ɓarayi masu sace kod ɗin mutum, wato kalmar sirrin da yake shiga wasan da ita, su kwashe kayan jaruminsa su sayar wa waɗanda suka rage. Na kafa wa runduna doka: kowa ya riƙe kod ɗinsa, ko ɗan'uwanka kada ka ba shi.

Daminar ta yanke tun gero bai yi ido ba. Mu 'yan albashi mun ji a kasuwa, da tiyar hatsi ta riƙa hawa kamar ana tura ta, amma tukunyar gidanmu ba ta taɓa kwana a kife ba. Zuwa bazara sai ka ga mata daga ƙauyuka suna bin gidaje suna tambayar surfe ko wanki. Na gani, na tausaya irin tausayin mai wucewa, na shige siber.

A cikin bazarar ne na fara lura da jarumin tela. Tela mutum ne mai doguwar gaisuwa. Ko a tsakiyar yaƙi ka shigo sai ya rubuto maka ina gajiya, ina gida, ina yara 'yan lakwal, yaya zafi. Rana ɗaya na yi masa sallama, sai ya amsa da kalma ɗaya: lafiya. Na tsokane shi, shiru. Washegari haka. Bayan kwanaki jarumin mai kabu-kabu ma ya koma haka, daga baya na mai gyaran salula. Suna shiga kullum da azahar, lokacin da ba su saba shiga ba, su tsaya a gidan runduna, su ɗan zaga, su fita. Na zauna ina kallonsu sai na ga wani abu: ba sa motsi a lokaci guda. Sai wannan ya tsaya sannan wancan ya taka. Kuma dukansu uku suna bin gefen bango idan za su fita ƙofa, maimakon su ratsa tsakar gida. Mutum ɗaya na sani mai wannan tafiyar, na kuwa sha yi masa dariya a kanta.

Ban so in yarda ba, amma zuciyata ta riga ta yanke hukunci tun kafin in nemi shaida. Na je shagon tela na tarar da shi a kulle. Maƙwabcinsa mai sayar da zare ya ce, "Ya ɗan fita."

Na ce, "Ina ya je?"

Ya ce, "Ai ya ɗan fita, Mushe." Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Ya mai da kansa kan zarensa.

A tashar 'yan kabu-kabu ma haka aka ce mini, ya ɗan fita. Maimakon in fahimta, sai na ƙara ƙulluwa. Na ce wato mutanen nan sun yi tafiya, shi kuma aminina mai tsaron siber, da yake a kan na'urorinsa suke shiga, ya leƙe kod ɗinsu, yana jiran ƙura ta lafa ya kwashe kayansu ya sayar. Na tuna takobin tela, wanda muka yi wata guda muna nema kafin ya samu. Na tuna aminin nawa ya daina zuwa fada, wato majalisarmu ta shan shayi. Na tuna ya rame. Ko ramar ma na sa ta cikin hujja, na ce rashin gaskiya ne ke cinsa.

Wata Laraba da ba ni da aji da rana, na hau kabu-kabu zuwa Sabon Gari ban gaya wa kowa ba. Siber ɗin ba kowa, zafi ya kori mutane. Na ɗaga labule a hankali. Aminina yana tsaye, ba a zaune ba, yana kai da komo tsakanin na'ura uku, ya taɓa wannan ya matsa ya taɓa waccan. Jaruman nan uku suna kan allo.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya juyo. Bai firgita ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Ya ce, "Mushe, kai ne da rana haka?"

Na ce, "Wa ya ba ka kod ɗinsu?"

Ya dubi allon, ya dube ni. Ya ce, "Ka bar maganar nan, don Allah."

Na ce ba zan bari ba. Na ɗaga murya. Mai siber ɗin, wani Alhaji da ke da shagon kayan masarufi a jikin ginin, ya shigo yana tambayar lafiya. A gabansa na ce mai tsaron shagonka yana satar kod ɗin masu shiga. Na faɗi kalmar ɓarawo, na maimaita ta. Alhaji ya juya gare shi ya ce, "Gaskiya ne ka shiga da sunan mutane?"

Ya ce, "Na shiga, Alhaji."

"Su suka ba ka?"

Sai da Alhaji ya sake tambaya, sannan aminina ya ce, "Yadda Mushe ya gani, haka ne."

Alhaji ya ce siber amana ce, mutane suna buɗe wasiƙunsu a nan, idan labari ya fita ba mai sake shigowa. Ya karɓi makulli a take. Aminina ya kashe na'urorin ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, ya ɗauki butarsa da wata 'yar jaka, ya ce mana sai an jima. Da yamma na ba da labari a fada, ina ƙara masa gishiri. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗin mai zargi ne idan zarginsa ya tabbata, kuma ba na jin akwai daɗin da ya fi shi ƙazanta.

Cikin makonni kaɗan gidan runduna ya rushe, don ba mu kai adadin da ake bukata ba. Ban damu sosai ba. Wasan ya riga ya zama kango, ni ma na rage shiga.

Sai da aka yi girbin shekara mai zuwa tela ya dawo. Na gamu da shi a bakin kasuwa, ya yi baƙi ya bushe, yana ɗinki da keken aro a rumfar wani. Bayan doguwar gaisuwarsa, wadda ba ta canza ba, na ce masa albishir, na kama wanda ya sace maka kod. Ya tsayar da keken.

Ya ce, "Wane sata? Ni na ba shi."

Na ce, "Ka ba shi?"

Ya ce, "Mu uku duka mu muka ba shi. Mushe, kekena na sayar na kai wa tsoho hatsi, bai isa ba, na tafi Kano ina dako. Mai kabu-kabu babur ɗinsa ya sayar. Muka ce masa ya riƙa shiga da jarumanmu kullum ko na ɗan lokaci, don kada a rushe gidan, kuma don kada a ga mun ɓace gaba ɗaya a fara tambaya. Muka sa shi ya rantse ba zai faɗa ba."

Na ce, "Kada wa ya sani?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara zare. Ya ce, "Kai dai ka san bakinka. Da ka ji, da har yau ana ba da labarin 'yan ƙauyen da yunwa ta kora daga yaƙi."

Na so in ce ba zan yi haka ba. Ban ce ba, don na san zan yi.

Ranar Lahadi na sayi buhun gero na ɗora a motar kasuwa zuwa Hamdara. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi masa, ina gyarawa. Aka nuna mini gidan. Wani dattijo ne ya fito, dogo kamarsa, mai irin shirunsa. Na ce ni abokin ɗansa ne daga Damagaram, malamin lakwal.

Fuskarsa ta washe. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Kai ne Mushe? Lale, lale. Ai mun san ka a gidan nan." Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya aika ciki a dama fura.

Na tambayi ɗansa. Ya ce tun bazarar nan ya dawo, ya yi kwana uku, ya ce aikin birni ya ƙare saboda ba ciniki. Sai ya bi masu tafiya arewa. Sau ɗaya ya yi waya daga Agadas ya ce za su shiga sahara. Daga nan ba su sake jin muryarsa ba. Ya faɗi wannan a hankali, yana kallon ƙofar zaure. 'Ya'yan nan biyu suna laɓe a bayansa suna kallon buhun.

Na ce, "Baba, bai gaya muku dalilin barin aikin ba?"

Ya ce, "Ba ciniki, ɗana. Shekarar ce haka." Sannan ya ƙara da cewa, "Da zai tafi ya ce mini, in wata matsala ta taso ta takarda ko ta lakwal ɗin yara, in nemi Mushe a Zango. Ya ce duk Damagaram ba shi da kamarka."

Aka kawo furar a ƙwarya, an sa mata nono mai yawa irin na babban baƙo. Dattijon ya zauna yana kallona yana sa mini albarka, ni da iyayena da zuriyar da ban haifa ba tukuna. Maganar da na shirya tana bakina. Na dubi tsohon, na dubi yaran, na ga idan na faɗa ni zan sauke nauyi, su kuma in bar su da shi. Ko kuwa tsoro ne kawai na ba wa wannan sunan, har yau ban raba ba.

Na ɗauki ludayi na sha furar har ta ƙare, na ce amin ga kowace addu'a.