Maliki, wanda ya naɗe wa mahaifina loma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, tara ga watan Maris na 2010, aka bugo mini waya daga Maiwurno cewa Allah ya karɓi ran Maliki ɗan Audi, bayan doguwar jinyar ƙoda. An sallace shi bayan azahar, aka kai shi makwancinsa kusa da iyayensa. Ban samu jana'izar ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko zuciyata za ta sami inda za ta sauke nauyinta.

Ga wanda bai san shi ba, Maliki shi ne babban mai hidimar baƙi a gidan abincin Koriya da ke Wad Madani. Ɗan ƙaramin gida ne, wata dattijuwa 'yar Koriya da muke kira Sitt Han ta buɗe shi don mutanen ƙasarsu da ke aiki a garin, daga baya 'yan gari suka gano hanya. Maliki ya shiga gidan yana wanke kwanoni, ya bar shi duk wanda ya zo sai ya tambaya, ina Maliki?

Yaya Maliki, ban manta ranar da na fara ganinka ba. Abokan aikina na makaranta suka ja ni, ina ta noƙewa. Na ji ka yi wa wasu Koriyawa magana da harshensu, ka juyo ka yi wa abokaina Larabci, sannan ka dubi tsagen fuskata ka ce, "Sannu da zuwa, ɗan gida." Na yi sakato. Ka jera mana ƙananan kwanoni, wannan da kabeji mai tsami da yaji da suke kira kimci, wancan da wake, wancan da ganye. Ni kuwa, ɗan ƙauye, na ɗauka abincin ke nan, har na fara tausayin Koriyawa a raina. Na share nawa tas, kafin in ɗago ka sake cika su. Na sake sharewa, ka sake cikawa. Da naman ya iso babu sauran wuri a cikina, ka yi murmushi kawai, ba ka taɓa tsokanata da zancen a gaban mutane ba.

Haka kake. Mutanen gidan da tsinke biyu suke cin abinci, amma ba ka taɓa barin baƙo ya yi kokawa da tsinke har ya ji kunya ba. Kana ajiye wa kowa cokali tun bai nema ba, gwani da ɗan koyo, don kada a gane wa aka yi dominsa. Ba ka miƙa ko da kofin ruwa da hannu ɗaya. Na sha zama ina kallonka kana zagaya tebura, ina mamakin yadda kake sanin abin da mutum ke buƙata tun kafin shi ya sani.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu daban ne.

A daminar 2003 mahaifina, Malam Gado, ya faɗi a gonarsa ta riɗi kusa da Abu Na'ama. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka kawo shi asibiti a Madani, bakinsa ya dawo, ƙafa ta ɗan motsa, hannun dama kuwa ya ƙi. Daga nan ya daina cin abinci. Ya ce shi bai taɓa kai hagu baki ba, kuma shi ba jariri ba ne da za a ɗura masa. Malamai suka zo suka gaya masa lalura ta halatta masa. Ya san hukuncin sarai, zuciyarsa ce ta ƙi. Kunu kaɗai yake kurɓa, shi ma sai in babu kowa a ɗakin. Ƙanwata Huseina ta yi kuka har ta gaji. Mutumin da yake ɗaukar buhun dawa shi kaɗai ya koma ina ɗaga shi ba tare da nishi ba. Likita ya ce idan aka ci gaba a haka, sai dai a zura masa roba ta hanci. Na san mahaifina, na san wannan ce za ta ƙarasa shi.

Na zo wurinka da rana, ba don in ci ba, don dai in sami inda zan zauna. Ka saurare ni har na gama, ka ce, "Kawo shi gobe. Kak ka ce mai abinci za shi ci. Ce mai wani ɗan Maiwurno na biɗar albarkatai."

Na kawo shi a raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, yana ta faɗa a hanya. Ka tarbe shi tun daga ƙofa, ka zaunar da shi a kujerar da ke jikin bango, inda kuke zaunar da manya. Sai ga Sitt Han ta fito daga kicin, ta cire ƙyallen aikinta, ta rusuna masa, ta zauna daura da shi. Ni ban taɓa ganin ta zauna a teburin baƙi ba. Ka kawo garwashi ka sa a tsakiyar tebur, ka shimfiɗa nama a kai, kana yanka shi da almakashi. Baba ya kasa haƙuri, ya ce, "Ya waladi, ɗana, kai tela ne ko mai tuya?" Ka yi dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa.

Sannan ka ɗauki ganyen latas, ka sa nama da 'yar shinkafa da miya, ka naɗe. Ba Baba ka nufa ba. Ka miƙa wa Sitt Han, ta buɗe baki ta karɓa, hannayenta biyu lafiyayyu suna ajiye a kan cinyarta. Baba ya zuba ido. Ka ce masa, "Baba, gidan ga babba ba ya sa hannu ga akushi. Yaro ka naɗe mai ya ba shi. In ka ƙi, ka ba ni kunya gaban uwar ɗakina."

Ka naɗa ta biyu. Ka durƙusa a gefensa, ka miƙa da dama, hagunka na tallafe da gwiwar hannun, ka ce, "Tafaddal, Baba. Bismillah."

Ya dubi lomar, ya dubi tsohuwar da ke taunawa hankali kwance, ya dube ka. Ya ce, "Yankan wa?" Ka ce, "Yankan Mato mahauci, gabana anka yanka." Sai ya yi bisimilla ya buɗe baki. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ce yaji ya yi yawa. Sannan ya ce a ƙaro.

Da ya ci kaɗan sai ka saka mini ganye a tafin hannu, ka ce ni ne ɗa, aikin nawa ne. Lomar ta warware, ka gyara mini. Ranar na fara ciyar da mahaifina, yana zaune da rawaninsa, yana gyara mini cewa na cika shinkafa.

Daga baya na tambaye ka ko da gaske dokar Koriyawa ce. Ka ce sukan naɗe wa wanda suke ƙauna su sa masa a baki, ka sha gani, maganar doka kuwa, a teburinka doka ce. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mu 'ya'yansa mun yi ta roƙonsa a matsayin mara lafiya, kai ka zo masa ta wajen girmansa, kuma ka shawo kan dattijuwar da ba ta jin Hausa ta zauna ta buɗe baki don wani manomi da ba ta taɓa gani ba. Allah kaɗai ya san wanda yake ba irin wannan basira.

Muka koma ƙauye. Babu latas a can, sai Huseina ta riƙa naɗe masa da kisra, siririyar wainar dawa. Baba yana nan da ransa, ya ga auren jikoki, ya yi azumi bayan azumi.

Da na kai masa labarin rasuwarka, ya juya fuska bango. Aka kawo abincin rana ya ƙi kallonsa. Ni da Huseina muka dubi juna, tsohon tsoron nan ya dawo mana sabo. Sai bayan magariba muka ji ya kira Huseina. Ya ce, "Kawo siniyar abinci. Yaron ga ya sha wahala kan cikina, ba ni ɓata mai aiki." Ya ci yana hawaye, bai bar komai ba.

A madadinsa da dukan gidan Malam Gado, ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Sabuwa, da 'ya'yanka Omar da Reem, da dangi na Maiwurno, da Sitt Han wadda na ji ta rufe gidan ta je ta zauna cikin mata a wurin makoki. Allah ya ba ku haƙurin wannan babban rashi, ya raya abin da ya bari.

Yaya Maliki, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa jinyar da ka yi ta zama kaffara. Ka ƙare rayuwarka a tsaye kana yi wa mutane hidima. Allah ya zaunar da kai a Aljannar Firdausi, a yi maka taka. Amin.