Ranar da Muka Harbi Kogi

Na manta da abubuwa da yawa na aikin gardi, amma ban manta da ranar da barikin Gaya ya ƙone ba.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama ba. Mu gardi aikinmu tsaron bariki. Birgadiye ne shugabanmu, shi kuma yana ƙarƙashin kumandan. Faransancin da aka koya mana na umarni ne kawai: tsaya, juya, saita. In an ce "Fe!" sai ka harba. Ba ka tambaya.

A bayan biro, wato ofishin kumandan, akwai ɗakin littattafai mai rufin ciyawa. Littattafan kumandan na ciki, har da na Larabci da aka karɓe daga malaman garuruwan Tanda da Bana, wai za a duba. Malam Hamidu, mai rubuta wa kumandan wasiƙun sarakuna, shi ke kula da su. Ya yi wa malaman alkawarin ko warƙa ɗaya ba za ta ɓata ba. Yakan tsokane ni: "Nomau, zo in koya maka alif, bindiga ba ta karatu."

Bayan girbi ne, da rana tsaka. An aiki tafinta ƙetaren kogi. Wutar daji ta taso, iska ta jefa tartsatsi kan rufin. Kumandan ya fito ba hula, yana ihu: "O fe! O fe!" Hannunsa na nuna kogi.

Birgadiye ya ce, "Bindigogi!" Na ce, "Shef, wa za mu harba?" Ya ce, "Kai kurma ne? Bai ce fe ba?" Muka jera, muka buɗe wa kogi wuta.

Ashe ruwa yake nunawa. A bakinsu gobara da harbi kalma ɗaya ce.

Mata masu ɗebo wa bariki ruwa suna hawowa da tuluna. Da jin harbi suka yar, suka gudu. Mutanen gari suka zaci yaƙi ne, suka shige daji. Ba wanda ya kawo ko ƙwarya ɗaya.

Malam Hamidu ya shiga ɗakin shi kaɗai. Ya fito da ɗauri guda, ya juya zai koma. Na riƙe rigarsa, na ce, "Malam, rufin zai faɗi." Ya ce, "Sake ni, Nomau, amana ce." Ya bar mini rigar a hannu. Da muka jawo shi, hannuwansa sun soye. Ya rayu, amma bai ƙara riƙe alƙalami ba. Abin da ya tsira ya mayar wa masu shi. Sauran, ya bi gida gida yana neman gafara.

Ba a hukunta kowa ba. Kumandan ya ce mun bi umarni.

Ku da kuke aiki yanzu, ku tambaya in ba ku gane ba, ko da za a zage ku. Mu an koya mana kalmar kashe mutum, ba a koya mana ta kashe wuta ba.